Shekarar Da Aka Bar Gonar Ɗorawa Ba Shuka

Kun daɗe kuna yi mini dariya a kan wayar nan, kuma na sani, ko da yake sai na juya baya kuke yi. Da na dawo daga masallaci da asuba sai in laluba aljihu, in ciro ta, in duba, in mayar. Ummanku ta ce wata bazawara ce a Bici ta yi mini alkawarin saƙo tun shekarun baya ba ta cika ba. Ke kuma Safiya, ina jin ki ta taga ranar da kike gaya wa ƙawarki wai korata aka yi daga aiki a Kano, shi ya sa na dawo ƙauye na rungumi fartanya, wai har yau ina jiran a kira ni. Na ji zafi. Tunda yanzu gwiwa ta fara ƙin zuwa gona, zama ya yi yawa, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, don kada ku gaya wa 'ya'yanku abin da ba shi ba.

Ba korata aka yi ba. Lokacin da na bar aiki ni ne mai kula da na'urorin wani kamfani a Kano, mai rarraba magunguna zuwa asibitoci da kantuna. A saman bene akwai wani ɗan ɗaki marar taga, mai sanyi kamar cikin randa, ba ka jin komai sai gurnanin fankoki. A nan manyan kwamfutocin da ake kira saba suke, waɗanda duk kwamfutocin ofis ke ɗebo bayanai daga wurinsu. Da na fara aiki, kowane aiki da akwatinsa na ƙarfe, tsofaffi, sun cika ɗakin, suna shan wuta har janareta na nishi. Ni na yi ta naci a kunnen manaja har aka sayo manya guda biyu, na kwashe aikin duka na zuba a cikinsu. Yadda ake yi shi ne, kwamfuta ɗaya ce ta ƙarfe, amma sai ka yanka ƙanana da yawa a cikinta. Kowacce da nata rabon ƙwaƙwalwa da nata wurin ajiya, ana kunna ta ana kashe ta ba tare da an taɓa 'yar uwarta ba, kuma ita a ganinta ita kaɗai ce a duniya. Ba ka iya ɗaukarta a hannu, amma tana nan, tana aiki, tana ciwo, tana warkewa. A wurin aiki bi-em ake ce musu. Ni kuwa tun ranar farko gandun gidanmu na gani: ƙasa ɗaya, gonaki da yawa, da mutum ɗaya a sama da zai auna wa kowacce abin da za ta ci. In ka bar ɗaya ta yi haɗama, sauran duk sai su kwana da yunwa.

Shi ya sa da aka zo sa musu suna ban bi tsarin lambobi ba, na sa musu sunayen gonakin Baba. Rimi ce ke ɗauke da wasiƙun ma'aikata. Fadama, wadda ta fi kowa ci, ita ke riƙe da bayanan duk maganin da ke sito. Akwai Marke, akwai Kan Tudu, akwai Bayan Gida. Har manaja ya saba, za ka ji shi a waya yana faɗa, wai Fadama ta yi nauyi yau a zo a duba. Sai wata 'yar ƙarama da na yanka wa kaina, na ce mata Ɗorawa, sunan gonar da Baba ya ba ni gayauna tun ina saurayi, wato 'yar gonar da ɗa ke noma wa kansa in ya gama aikin gandu. A cikinta nake gwada duk abin da nake tsoron gwadawa a kan manya. Na kuma koya mata aiki ɗaya: kullum da asuba ta zagaya sauran ta ga ko suna numfashi, sannan ta turo mini saƙo a waya. Rimi lafiya, Fadama lafiya, Marke lafiya, har ƙasa, sai ta rufe da kalma biyu, duka lafiya. Ban san ko za ku gane ba, amma ina son aikin nan kamar raina. Ina son sanyin ɗakin, ina son warin wayoyi, ina son yadda kamfani guda ke cin abinci ba su san wanda ya dafa ba.

Akwai wadda nake aiki da ita, Injiniya Rukayya, matar aure da 'ya'yanta, ta zo daga jami'a da ilimin da ya fi nawa sabunta, ni kuma na fi ta sanin halin na'urorin. Malam take ce mini, kuma ba ta taɓa zama a kujerata ba ko da ba na nan. Wata rana muna share tsofaffin bi-em da suka taru suna cin wuri, muka tarar da ɗaya da ba mu san mai ita ba.

"Malam, in goge ta?" in ji ta.

"A'a. Kashe ta kawai."

"Sai kuma me?"

"Sai mu zauna mu ga wa zai zo cigiya. In kin tambayi mutane, kowa zai ce miki tasa ce kada a taɓa, ko kuma kowa ya ce bai san ta ba. Amma in kin kashe, mai ita da ƙafarsa zai hawo benen nan. In an daɗe ba wanda ya zo, to sai ki goge, ba ki da alhakin kowa."

Ba mu gama shan shayi ba sai ga shugaban direbobi ya hawo yana haki, wai jadawalin motoci ya ɓace. Rukayya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kunna masa. Daga ranar ta riƙe wannan ƙa'ida fiye da ni da na koya mata.

To, yanzu ku dawo gida. Ni ne ɗan fari, kuma kakanku mutumin da ne. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba, bai taɓa roƙona komai baki da baki ba. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka ya tarar ana yi. In zai yi magana a kaina sai ya ce "na Kano", ko da kuwa ina durƙushe a gabansa. A shekarar da nake ba ku labari idonsa ya yi rauni, ƙafa ma ta daina kai shi gona. Gandu ya koma hannun ƙannena biyu, Baffanku Sule da Baffanku Garba, kuma in kun gan su yau suna raba goro ɗaya kada ku ɗauka haka suke tun asali. Sule yana son duk takin gida ya tafi gonakin tudu, don a ganinsa gidan da ba gero a rumbu ba gida ba ne. Garba kuma hankalinsa na wajen 'yar gonar ban ruwa da muke da ita a Watari, tumatir da albasa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma ba wanda zai bi umarnin ɗan uwansa. Maganar a raba kowa ya kama gabansa ta fara fitowa daga ɗakunan mata. In kuwa aka raba, kowa ya san abin da zai biyo baya: gonakin za su zama 'yan fale-fale da ba za su ciyar da kowa ba, sai a fara sayarwa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan ruwan shuka da 'yan kwanaki sai ga Garba a ofishinmu, da ƙurar mota a gira. Na shigar da shi ɗakin sanyi don ya huta, ya ƙi zama, ya ce wurin kamar ɗakin ajiye gawa.

"Yaya, an shuke ko'ina," in ji shi. "Ban da Ɗorawa."

"Iri ne ya ƙare?"

"Iri na nan. Baba ne ya ce kada wanda ya sa mata sungumi."

"Ya faɗi dalili?"

"Sule ya tambaye shi. Ya ce gonar tana da mai ita, in yana sonta zai zo cigiya."

Na dubi na'urorin da ke gabana, na rasa dariya zan yi ko kuka. Ku da kuka tashi a nan kun san abin da ake nufi da a bar gona ba shuka a ƙasarmu. Daga Bici har Ɗambatta gona ce manne da gona, iyaka kawai layin gamba ko na lalle, ko gefen hanya ba a bari. Ga Ɗorawa a bakin hanyar kasuwa, duk wanda ya wuce zai ga tafasa ta rufe ta a tsakiyar gero kore shar na maƙwabta, zai kuma tambaya ta wace ce. Baba ba zai iya buɗe baki ya ce in dawo ba, sai ya sa gari duka ya faɗa a madadinsa. Ya yarda ya yi asarar amfanin shekara, ya yarda a yi da shi a majalisa, don dai in ji.

Ban ajiye aiki ba, hutu na ɗauka, dogo, wanda na daɗe ina tarawa. Na ce wa Rukayya in wani abu ya taso ta kira ni ko da wane lokaci ne, mota ɗaya ce daga Bici. Na iso gida na gaida Baba a zaure, ya amsa yana kallon bango, sannan ya ce wa Inna ta cikin gida, "A ce wa na Kano lokacin gero ya wuce, sai dai wake." Waken na shuka. Hannuna da ya saba da taɓa madannai ya yi bororo ya fashe, matan gida suna leƙena suna ƙunshe dariya. Amma abin mamaki, daga ranar da na fara fita da su, Sule da Garba suka daina ɗaga murya. Ba wata dabara na yi ba. Na ce da safe kowa a gandu, da yamma kowa ya tafi inda ransa ke so, taki kuma in rani ya zo a raba shi gwargwadon abin da kowace gona ke bayarwa. Abin da dai nake yi a Kano ne, a auna wa kowa, a hana mai haɗama. Su ma ba don maganata ta fi tasu ba suka bi, don dai daga bakin wa ta fito.

A lokacin sabis ɗin waya bai kai cikin gari ba, sai in ka fita. Wurin da ya fi kamawa kuwa shi ne gindin bishiyar ɗorawar da ke tsakiyar gonata. Kullum da safe in na iso, kafin in sauke fartanya daga kafaɗa, sai aljihuna ya yi motsi. Rimi lafiya, Fadama lafiya, Marke lafiya, duka lafiya. In karanta, in ji daɗi, sannan in ji haushi. Don a zuciyata na riga na yanke: in suka kira ni, in wani abu ya rushe da ba mai iya tayar da shi sai ni, to zan ce wa Baba ka gani, can ma ana bukatata, in koma da hujjata. Allah ya yafe mini, akwai safiyar da na yi fatan Fadama ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Damina ta yi nisa, aka yi maimai, gero ya fitar da kai, wake ya yi fure, Rukayya ba ta kira ba sai dai gaisuwar Juma'a. Na gina abin da kyau, na kuma koya mata da kyau, har ya zama ba wanda ya lura ba na nan.

Bayan an gama girbi an cika rumbuna, wata safiya Baba yana zaune a bakin rumbu kamar yadda ya saba, yana auna wa matan gida hatsin ranar da wani tsohon kwano da ya gada. Ina tsaye a gefe ina ɗaure tunkiya. Sai ya tsaya, ya juya wajen Inna.

"Hannuna ya fara rawa, ina zubar da hatsi," in ji shi. "A ba na Kano kwanon nan."

Inna ta ce, "Malam, ai hutunsa ya kusa ƙarewa."

"To, in ya ƙare sai ya ajiye shi a ƙasa. Wanda ya riga ɗan uwansa sai ya ɗauka."

Sule yana nan, Garba yana nan, kowa ya sunkuyar da kai. Inna ta miƙo mini kwanon ba ta dube ni ba. Na karɓa da hannu biyu, na auna wa matar Sule, na auna wa matar Garba, na auna wa Inna. Da yamma na samu Ummanku, wadda a lokacin take zuwa da ku duk ƙarshen mako daga Kano, na gaya mata. Na ɗauka za ta yi maganar famfo da lantarki da makarantarku.

"Ni rijiya ba ta ba ni tsoro, a gidanmu ma ita muka sha," in ji ta. "Kai nake tsoro. Za ka zauna a nan, rabinka yana can saman bene."

"Zai wuce," na ce.

"Ba zai wuce ba. Amma in ka ajiye kwanon nan a ƙasa, wannan ma ba zai wuce ba. Ka zaɓi wanda za ka iya ɗauka."

Na je Kano na yi sallama. Manaja ya yi ta lallashi, ya ga ba zan juya ba, ya yi mini addu'a. Na hau bene na ƙarshe, na miƙa wa Rukayya mabuɗan sirri na kowace na'ura, muka bi su ɗaya bayan ɗaya ina gaya mata halin kowacce, duk da ta riga ta sani. Da muka zo ƙarshe ta tsaya.

"Ɗorawa fa, Malam?"

"Ba ta cin komai," na ce. "Ki bar ta."

Ta dube ni, ta kawar da kai. "Na bar ta," in ji ta.

Haka saƙon ya ci gaba da zuwa, shekara da shekaru. Kuna ƙanana kuna biyo ni gona da ƙunshin ɗumame, ba ku san abin da nake karantawa a gindin bishiya ba. Ta cikinsa nake sanin labarin kamfanin ba tare da na tambayi kowa ba. Wata rana na ga Marke ta ɓace daga jeri, na san an yi mata ritaya. Wata rana na ga sabon suna, Gawo, na yi murmushi ni kaɗai, don Rukayya 'yar birni ce, ba ta san gawo daga marke ba, amma ta riƙe al'adar. Wata safiya aka ce Rimi ba ta amsa ba, na yini ina noma hankalina a tashe, washegari na ga ta dawo, na ce sannu da aiki Rukayya, da ƙarfi, har jaki ya ɗago kai. Ban taɓa yin nadamar ɗaukar kwanon ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Amma kewa daban take da nadama. Duk ranar da zafin bazara ya yi tsanani, in na zauna a inuwa na rufe ido, gurnanin fankokin nan nake ji.

Baba ya rasu a wata kaka, bayan ya ga rumbuna a cike. Har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, sai dai a shekarunsa na ƙarshe ya daina cewa "na Kano", ya koma cewa "mai gidan nan". Aka raba gado yadda shari'a ta ce, kowa ya san nasa, mata da maza. Abin da ya rage shi ne ko za a ci gaba da noma tare ko kowa ya ja layin gamba a tsakiya. Muka zauna a zaure mu uku. Garba ya ce shi ya yarda a ci gaba. Sule ya daɗe yana wasa da carbi.

"Na yarda," in ji shi. "Amma muddin kai ne kake awo, Yaya. Ran da ka tashi, ni ma na tashi."

A farkon daminar da ta biyo baya, na haɗu da wani tsohon direban kamfanin a kasuwar Ɗambatta. Shi ya gaya mini Rukayya ta zama shugabar sashe, kuma za a kwashe na'urorin duka daga ɗakin saman bene a mayar da su kan manyan na'urorin haya da ke wata ƙasa. Ya ce aiki ne babba na dogon lokaci, ana ta neman wanda ya san tsofaffin tun daga tushe, an rasa. Na ce Allah ya ba su, na sayi igiyar da na je saya, na dawo. Bayan 'yan kwanaki na isa gindin ɗorawa da safe, aljihuna bai motsa ba. Na ce sabis ne. Na ɗaga wayar sama, na zagaya bishiyar, na kashe na kunna. Saƙon wani mai sayar da taki ya shigo, nawa bai zo ba. Washegari ma haka.

Ban yi dogon tunani ba na gane. Na'urar ba lalacewa ta yi ba, don da ta lalace Rukayya za ta tayar da ita kafin azahar. Kashe ta aka yi, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai lura an kashe ta. Rukayya ta san haka sarai. Ba za ta iya ɗaga waya ta ce wa wanda take kira Malam ya zo ya yi aiki a ƙarƙashinta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai ta yi mini abin da na koya mata, wanda kuma Baba ya riga ya yi mini. In na kira na ce ina saƙona, za ta ce af, Malam, dama kuwa ina son magana da kai. Daga nan na san kaina. In na ji an ambaci Rimi da Fadama a kunnena, in aka ce mini zo ka gani ko na mako ɗaya ne, ba zan tsaya a mako ɗaya ba. Ga kiran da na jira tun shekarar wake, ya zo daidai lokacin da Sule ya ɗora zaman gidan duka a kan hannuna.

Ban gaya wa kowa ba, amma Ummanku ta ga tuwo na dawowa a kwano. Kullum in isa gona, in ciro wayar, in nemo lambar Rukayya, in zuba mata ido, in mayar aljihu in kama noma. Wata safiya har na danna, na katse kafin ta shiga. Daga inda nake tsaye ina hango Sule da 'ya'yan Garba a Kan Tudu suna bin kunya ɗaya, suna gardama a kan ƙwallo. Na san in na tafi, baɗi war haka akwai layin gamba a tsakaninsu. Gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ban kira ba.

Ita ce ta kira, wata ranar Talata da hantsi, ina zaune a gindin bishiyar ina gyara ƙotar fartanya. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyyar Baba karo na biyu, ta tambayi yara, ta tambayi damina. Ina jin gurnanin fankoki a bayanta. Daga ɗakin take kira.

"Malam, na kashe Ɗorawa," in ji ta.

"Na gani."

"Na jira. Na ma wuce yadda muka saba jira."

"Na sani, Rukayya."

"Ba wanda ya zo cigiya."

Na dubi gonar, wake ya fara yaɗo a ƙarƙashin gero. Na ce, "To ai kin san ƙa'ida."

"Na sani. Amma ina son in ji daga bakinka."

"Ki goge ta," na ce. "Ba ki da alhakin kowa."

Ta ce to. Na ji ƙarar madannai, 'yar kaɗan, sannan ta ce Allah ya ba da damina mai albarka, na ce amin, Allah ya taimaka a kan aikin. Na zauna a wurin har rana ta take, ƙotar tana kan cinyata, ban gyara ba.

Kai Nura, da ka fara karatun kwamfuta ka taɓa ce mini abu ne mai sauƙi, za ka iya haɗa mini abin da zai riƙa turo mini "duka lafiya" kowace asuba in dai shi nake so. Na ce a'a, ka ji haushi. Na gode, amma ba kalmomin nake kewa ba. Wancan saƙon in ya ce lafiya, to ya zagaya ne ya duba, akwai abin da ke numfashi a bayansa, kuma ni na yanka shi da hannuna. Ɗakin ma an ce yanzu sito ne na kwalaye.

Gonakin kuwa suna nan yadda Baba ya bar su, ba layi a tsakani, daga cikinsu kuka ci kuka yi karatu, ku da 'ya'yan baffanninku. Wannan shi ne abin da na saya, kuma da za a sake ba ni zaɓi shi zan sake saya. Saboda haka Safiya, ki gyara labarin da kika ba ƙawarki. Ba korata aka yi ba, kuma ba jiran kira nake ba. An kira ni, na ji sarai, ni ne mai Ɗorawa, ban je cigiya ba. Hannu ne kawai har yau bai samu labari ba, in an idar da sallar asuba sai ya tafi aljihu. Ku ƙyale shi ya duba.